Fagen Wasanni: Gurbi Ɗaya, Abokai Biyu

A makon nan na ɗan ajiye batun da na yi niyyar kawowa saboda wata wasiƙa da ta iso mini daga wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare a Yelwan Yauri. Ya roƙe ni kada in faɗi sunansa ko na makarantarsu, kuma na karɓi roƙonsa. Ga abin da ya rubuto, na taƙaita shi kaɗan:

"Malam, ni ɗan baya ne, lamba uku nake bugawa a ƙungiyar makarantarmu tun ina aji ɗaya. A wannan zangon malamin wasanninmu ya ɗauko wani abokina da ke buga tsakiya ya mayar da shi lamba uku, ya ce nan da mako uku zai zaɓi ɗaya daga cikinmu saboda gasar makarantu da ke tafe. Wannan yaron abokina ne tun firamare, tare muke zuwa Islamiyya, sau da yawa a gidanmu yake cin tuwon dare. Yanzu ko gaisuwarsa ba na son amsawa. Wasu sun ce in shiga ƙafarsa a wajen atisaye ya ɗan kwanta jinya, wasu sun ce su raka ni wani ƙauye a ba ni laya. Ni dai in aka ajiye ni a benci gara in bar ƙwallon gaba ɗaya. Malam, ina mafita?"

Ɗana, na gode da ka faɗi gaskiyar abin da ke ranka. Ba kowa ke iya cewa yana jin haushin abokinsa ba. Kafin in ba ka amsa, bari in kai ka wata ƙasa mai nisa in nuna maka mutanen da irin wannan takara ita ce abincinsu kowace shekara, sannan mu dawo gida.

Katangar mutum biyar

A Amurka akwai wasan da su suke kira ƙwallon ƙafa, amma da hannu aka fi yin sa. Ya fi kama da zari-ruga. Ƙwallon tana da tsawo kamar gwanda, 'yan wasa suna sanye da hular kwano, kuma kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Babbar gasarsu ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32.

Idan ƙungiya tana kai hari, akwai mutum guda da kusan komai ya rataya a wuyansa, wato mai jefa ƙwallo. Shi ne ake ɗauka hoto, shi ne yara ke sayen rigarsa. A gabansa kuwa akwai ƙarti biyar da suke jeruwa kafaɗa da kafaɗa kamar katanga, yawancinsu sun haura kilo 130. Aikinsu su tare abokan hamayya na 'yan daƙiƙu kaɗan har ya samu ya jefa. A ƙa'idar wasan, galibi ba a ma yarda a jefa musu ƙwallo ba. Mutum zai iya shekara goma yana wannan aiki bai taɓa ci wa ƙungiyarsa maki ko ɗaya ba.

Biyun da ke ƙarshen katangar, ɗaya a dama ɗaya a hagu, su ake kira takul. Na hagun nan yana da daraja ta musamman. Idan mai jefawa na-dama ne, yana juya wa hagu baya lokacin da zai yi jifa, don haka ba ya ganin wanda zai afko masa ta can. Takul na hagu shi ne idonsa na ƙeya. In ya yi sakaci sau ɗaya, sai a kayar da mai jefawa, wani lokaci har a karya shi. Saboda haka duk lokacin da ƙungiyoyi suka shiga sansanin atisaye a watannin Yuli da Agusta, akan samu mutum biyu ko uku suna takarar gurbi ɗaya, koci yana kallo, ana ɗaukar kowane motsi a bidiyo.

Labari biyu zan ba ka daga can.

Na farko a ƙungiyar Philadelphia Eagles ya faru. A shekarar 2018 suka ɗauki wani saurayi ɗan Ostareliya mai suna Jordan Mailata. Zari-ruga ya sani, bai taɓa buga wasan Amurka ba ko sau ɗaya. A zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar an ɗauki mutum 256, shi ne na 233, wato yana can kusa da wutsiya. Shekara ɗaya bayan haka, a 2019, ƙungiyar ta ɗauki Andre Dillard a matsayin na 22, kuma kowa ya ɗauka an gama magana, gurbin takul na hagu nasa ne. Mailata ya yi kaka biyu cur bai buga wasan gasa ko ɗaya ba, yana koyon yadda ake ajiye ƙafa da yadda ake sa hannu. A 2020 Dillard ya ji rauni a dantse, bai buga kakar ba. Mailata ya samu dama ya buga wasanni, aka ga abin da ya koya. Da aka zo sansanin 2021 sai aka ce su biyu su yi takara, kuma Mailata ne ya yi nasara. A watan Satumba na wannan shekarar aka ƙara masa kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 64. A watan Fabrairun 2025, yana nan a gurbinsa na hagu lokacin da ƙungiyar ta doke Kansas City da maki 40 da 22 ta ɗauki kofin Super Bowl.

Na biyu ɗan ƙasarmu ne. Chukwuma Okorafor haifaffen Najeriya ne, iyayensa suka kai shi Amurka yana yaro, ƙungiyar Pittsburgh Steelers ta ɗauke shi a 2018. A 2020 ya yi takarar gurbin takul na dama da wani mai suna Zach Banner. Koci ya zaɓi Banner, Okorafor ya koma benci. A wasan farko na kakar, Banner ya ji mummunan rauni a gwiwa, aka juya aka ce Okorafor ya shiga. Da ya yi fushi ya daina atisaye a makonnin nan, da ranar ta zame masa ranar kunya. Amma a shirye yake. Ya riƙe gurbin har ƙarshen kakar da kakanni biyu bayanta. Sai kuma a 2023 ƙungiyar ta ɗauko wani sabon yaro, Broderick Jones, kafin kakar ta ƙare ya karɓe gurbin daga hannunsa.

Ka lura da kyau, ɗana. Mutum ɗaya ya rasa gurbi, ya same shi, ya sake rasa shi, duk a cikin shekara huɗu. Gurbi a ƙungiya ba gadon gidan kowa ba ne. Aro ne, kuma kowace kaka ana sake lissafi. Lamba ukun da kake bugawa tun kana aji ɗaya, kai ma wani ka tarar a kai kafin ta zama taka.

Mu dawo gida

Ba sai ka tafi Amurka ba za ka ga misali. Zaidu Sanusi ɗan jiharmu ne, haifaffen Jega, kuma lamba ukun da kake bugawa ita yake bugawa. Ya fara a ƙananan ƙungiyoyi a Fotugal kafin Porto ta ɗauke shi a 2020. Da ya isa ya tarar da Alex Telles a gurbin, sai da Telles ya koma Manchester United a watan Oktoba na wannan shekarar hanya ta buɗe masa. Bai daɗe da zama daram ba, a 2021 ƙungiyar ta sayo wani ɗan Brazil mai suna Wendell, shi ma lamba uku. Zaidu bai tattara kayansa ya tafi ba. A ranar 7 ga Mayun 2022, a gidan Benfica, cikin mintunan da aka ƙara bayan cikar lokaci, shi ne ya taso daga baya ya zura ƙwallon da ta ba Porto kofin ƙasar. Ɗan baya ne, kuma yana cikin takara da wani a kan gurbinsa a lokacin.

Akwai kuma abin da ku 'yan bakin ruwa kuka fi ni sani. Duk wanda ya tsaya a gaɓar kogi lokacin bikin Rigata ya kalli tseren kwale-kwale ya ga yadda abin yake. Idan matuƙan hagu suka fi na dama ƙarfi, jirgin karkacewa yake yi. Idan mutum ɗaya ya ce shi ne gwani, ya riƙa tsoma filafili kafin sauran, ɓata tafiyar yake yi komai ƙarfin dantsensa. Mai zaɓen matuƙa yana neman wanda bugunsa ke tafiya da na sauran, wanda ba ya gajiya a rabin hanya, wanda zai ji umarnin na baya mai daidaita jirgi. Haka katangar mutum biyar ta Amurka take, haka kuma 'yan baya huɗu na ƙungiyarku suke. Malamin wasanninku ƙungiya yake haɗawa, don haka abin da yake dubawa shi ne wanda ya fi dacewa da lamba biyar da mai tsaron gida da ɗan gaban da ke ɓangaren hagu.

Batun shiga ƙafa da batun laya

Wannan ba zan yi maka kwana-kwana a kai ba. Waɗanda suka ce ka shiga ƙafar abokinka ba masoyanka ba ne. Ƙafar da aka shiga da gangan ba ta san iyaka ba. Kai kana nufin ya kwanta mako biyu, ita kuma gwiwa tana iya lalacewa har abada. Ka ga ƙwararrun da na ambata, da likitocinsu da kuɗinsu, raunin gwiwa yana cinye musu kaka guda. To ina ga ɗan makaranta da za a ɗora a babur a kai wa mai ɗori? Ka yi tunanin ranar da mahaifiyarsa za ta shigo gidanku gaisuwa tana ba mahaifiyarka labarin yadda ɗanta ke ɗingishi, kai kuma kana daga ɗaki kana ji, ka san abin da ka yi. Babu gasar makarantu da ta kai wannan nauyin. Addininmu ya hana cutar da ɗan'uwa, kuma Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ban da haka, malamin wasanni ba makaho ba ne. Ya san bambancin tare ƙwallo da keta, kuma ɗan bayan da ke keta jan kati yake jawo wa ƙungiya ranar gasa.

Laya kuma ba ta gudu, ba ta tsalle, ba ta san inda ɗan gaba zai juya ba. Kuɗin da za ka kashe a can, ka sayi wake da kifi ka ci, jikinka zai fi gode maka. Ka yi addu'a Allah ya ba ka abin da ya fi alheri, sannan ka tashi ka yi aiki. Tun da muna kan wannan, in wani ya miƙo maka ƙwaya ya ce tana ƙara ƙarfin gudu, ka guje shi. Tiramadol da 'yan'uwanta sun fitar da samari da yawa daga fili, kuma ba su dawo ba.

Yadda za ka yi da mako ukun nan

Na farko, ka je wurin malamin wasanninku, ka gaishe shi da ladabi, ka ce: "Malam, me kake so in gyara?" Kada ka je da ƙorafi, kada ka ambaci sunan abokinka. Akwai dalilin da ya sa ya kawo ɗan tsakiya ya gwada a gurbinka. Ni hasashena, 'yan tsakiya sun fi iya ba da ƙwallo. Wataƙila kai kana tarewa da kyau amma da ta zo ƙafarka sai ka buga ta sama ta tafi ko'ina. In haka ne, ka ga inda aikinka yake.

Na biyu, ka ware minti 20 kowace rana, bayan la'asar, ka samu bango ka riƙa buga masa ƙwallo da ƙafar da ba ka iya da ita ba, kana tarewa kana mayarwa. Abin da gajiya, ba kuma mai tafa maka, amma mako uku na wannan yana nunawa a fili.

Na uku, ka koyi tsayuwa. Ɗan baya nagari ba ya yawan zubewa ƙasa. Yana tsayawa a karkace, yana tura ɗan gaba zuwa bakin layi, yana jira sai ƙwallo ta ɗan yi nisa da ƙafar mutum sannan ya sa tasa. 'Yan katangar Amurka ma, duk girman jikinsu, abin da kocinsu ke fara dubawa shi ne ƙafafu: shin mutum yana iya ja da baya da sauri ba tare da ya rasa daidaito ba? Ka riƙa gwada gudun baya-baya da na gefe-gefe a kan yashi. Yashi kuwa ba ku rasa shi ba a bakin ruwa.

Na huɗu, ka buɗe baki a fili. Ɗan bayan da ke gaya wa lamba biyar cewa akwai mutum a bayansa, ko ya ce wa na gabansa ya dawo, koci yana jin sa tun daga bakin layi. Shekara guda da ka yi a gurbin nan ta ba ka sanin da abokinka bai da shi tukuna. Ka yi amfani da shi.

Na biyar, ka riga kowa zuwa fili, ka yi barci da wuri, kuma kada karatunka ya faɗi. Makarantu da yawa ba sa fitar da ɗalibin da ke faɗuwa jarrabawa zuwa gasa, kuma baɗi war haka WAEC da NECO ne a gabanka. Cikin dubban yaran da ke buga ƙwallo a jihar nan, ƙalilan ne ƙwarai za su ci abinci da ita. Takardar sakamakonka kuwa za ta bi ka duk inda ka je.

Na shida shi ne mai wuyar. Ka kira abokinka ku yi atisayen tare. Shi ya taso da ƙwallo ka tare shi, kai ka taso ya tare ka. Ka nuna masa tsayuwa, ya nuna maka ba da ƙwallo. Na san za ka ce ai ƙarfafa abokin takara ke nan. Haka ne, amma shi ma yana ƙarfafa ka, kuma babu wanda zai matsa maka ka gyara kamar wanda ke neman abin da kake nema. Ka tuna shi bai roƙi a kawo shi gurbinka ba, malami ne ya kawo shi. Mai yiwuwa shi ma kwana yake yi yana tunanin yadda ka daina amsa gaisuwarsa.

In aka zaɓe shi fa?

Zai yi ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Ka bar shi ya yi ciwon kwana ɗaya ko biyu. Amma ranar da aka karanta sunaye, ka zama na farkon da zai miƙa masa hannu, kuma washegari a gan ka a fili. Gasa ba wasa ɗaya ba ce. Ana jin rauni, ana samun kati, zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da mutum ba tare da sallama ba, wani lokaci kuma malami yana sauya tsari ya mayar da abokinka tsakiya. Dillard da aka kayar a 2021, a cikin watan farko na kakar aka kira shi ya buga, domin Mailata ya ji rauni a gwiwa. Mai zaman benci ba ya sanin ranarsa, shi ya sa dole ya kasance cikin shiri kullum. Wanda ya yi zuciya ya bar fili, ko ranar ta zo ba za ta same shi ba.

In kuma kai aka zaɓa, kada ka yi masa dariya, kada ka bari 'yan ajinku su yi masa. Ka ci gaba da atisaye da shi, domin gobe kai ne za ka iya kwanciya shi ya riƙe wa ƙungiya gurbin.

Wannan magana ba ta 'yan ƙwallo kaɗai ba ce. 'Yan mata da ke takarar shiga ƙungiyar kacici-kacici ko ta muhawara, da masu neman shugabancin ɗalibai, da masu shirin musabaƙar karatun Alƙur'ani, duk za ku tarar wata rana gurbi ɗaya ne ku kuma biyu ne, kuma sau da yawa na biyun ƙawarki ce ko abokinka. Haka za a ci gaba da yi a jami'a da wajen neman aiki. Gara ku koyi yadda ake yin takara da tsabta tun yanzu, lokacin da abin da ake nema riga ce mai lamba uku.

Ɗana, yau da daddare in ya zo gidanku, ka matsa masa ya zauna ku ci tuwon tare kamar yadda kuka saba. In bai zo ba, kai ka je. Bayan mako ukun, ka rubuto mini yadda aka ƙare, ko kai aka ɗauka ko shi, zan karanta wa 'yan'uwanka a wannan fili.

Sauran ɗalibai na Yauri da Ngaski da Shanga da ko'ina, wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya rubuto mana yadda ya yi ta hannun editan wannan shafi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.